Makiyayar dawaki da harajin sayen gida: yadda wata shari'a ta kaya a Ingila

A ranar 16 ga Nuwamba, 2020, wani magidanci da matarsa suka kammala cinikin wani gida a karkarar kudancin Ingila a kan fam miliyan 3.6. Gida ne irin na masu hannu da shuni, da lambu, da wurin ninkaya, da filin wasan tanis. Can nesa da ginin, in aka bi ta wata 'yar ƙaramar ƙofa, akwai wata makiyaya da aka haɗa a cikin cinikin. A ranar da suka karɓi mabuɗi, a ranar suka ba wata mai dawaki hayar makiyayar na shekara ɗaya a kan fam 1,000. Da aka zo biyan harajin sayen gida, sai suka biya fam 169,500. Hukumar tara haraji ta Birtaniya, HMRC, ta duba takardunsu ta ce ba haka ba, abin da ya hau kansu fam 330,750 ne. Tsakanin lissafin biyu akwai fam 161,250, kuma duk wannan kuɗi ya rataya ne a kan tambaya guda: makiyayar nan tana cikin harabar gidan, ko wani fili ne daban da ya zo tare da gidan?

Sai da aka je kotu biyu kafin a raba gardamar a 2024. Ma'auratan ne suka yi nasara, amma ba da hujjar da suka fi dogara da ita ba, kuma wannan ne ya sa shari'ar ta cancanci a zauna a kanta.

Harajin da ake magana, wanda ake taƙaita sunansa da SDLT, ya fara aiki ne ranar 1 ga Disamba, 2003, a ƙarƙashin dokar kuɗi ta shekarar. Ya gaji tsohon harajin kan sarki da ake bugawa a jikin takardun ciniki tun 1694. A yau Ingila da Ireland ta Arewa kaɗai ke amfani da shi, domin Scotland ta kafa nata a 2015, Wales ma ta bi sahu a 2018. Mai saye ne ke biya, ba mai sayarwa ba, kuma yana da kwana 14 daga ranar kammala ciniki ya miƙa takarda ya biya. Yawanci lauyan da ya gudanar da cinikin ne ke cike takardar, amma wanda ya sayi gidan shi ne mai alhakin abin da aka rubuta a ciki. Babu jami'in da ke zuwa ya zaga fili kafin a karɓi kuɗi. Kai ne za ka faɗi ajin da kadararka take, hukuma ta karɓa, daga baya in ta ga dama ta dawo ta bincika.

Aji biyu ne. Akwai jadawalin gidajen zama, akwai na kadarorin da ba na zama ba, irin su shago, ofis, masana'anta da gona. A jadawalin gidajen zama kuɗin na hawa ne hawa-hawa: kashi 5 cikin 100 daga fam 250,000 zuwa 925,000, kashi 10 daga nan zuwa miliyan 1.5, sannan kashi 12 a kan duk abin da ya haura haka. A ɗaya jadawalin kuwa, tun Maris ɗin 2016, ba a biyan komai a kan fam 150,000 na farko, ana biyan kashi 2 zuwa 250,000, daga nan kashi 5 ne har illa masha Allahu, ko da kadarar ta fam miliyan ɗari ce.

In aka ɗora gidan nan a kan jadawali na biyu, lissafin ba wuya: fam 2,000 a matakin tsakiya, sai kashi 5 na fam 3,350,000, wato 167,500, jimla 169,500. A jadawalin gidajen zama kuma, lokacin ana cikin sassaucin da ministan kuɗi Rishi Sunak ya kawo a Yulin 2020 saboda annobar korona, ba a biyan komai a kan fam 500,000 na farko. Duk da sassaucin, matakin kashi 5 ya ba da 21,250, na kashi 10 ya ba da 57,500, na kashi 12 shi kaɗai ya ba da 252,000. Ga inda 330,750 ɗin HMRC ya fito.

To me ya haɗa gidan zama mai wurin ninkaya da jadawalin shaguna da gonaki? Sashe na 55 na dokar ne. Ya ce ana amfani da jadawalin gidajen zama ne idan abin da aka saya gaba ɗayansa na zama ne. Idan kuwa akwai wani yanki a ciki da ba na zama ba, komai ƙanƙantarsa, to kuɗin cinikin baki ɗaya ya koma jadawali na biyu. Ba a raba kuɗin a ce ga na gida ga na fili. Kamar ɗigon manja ne a tukunyar miya, da ya faɗa launin duka ya canza. Makiyayar da hayarta ta shekara fam 1,000 ce tana iya jan gida na miliyoyi ta sauko da shi daga kashi 12 zuwa kashi 5.

Da aka rubuta wannan ƙa'ida a 2003 ba ta da wani nauyi sosai. A lokacin jadawalan biyu duk a kashi 4 suke tsayawa ga kadarar da ta wuce fam 500,000, saboda haka ba wanda zai ɓata lokacinsa yana jayayya kan ajin da gidansa yake. An yi ta ne don mai sayen shago da ɗaki a samansa, ko gona da gidan manomi a tsakiyarta. Daga baya gwamnatoci suka yi ta ɗaga na gidajen zama: kashi 5 ga gidan da ya haura miliyan ɗaya a 2011, kashi 7 ga wanda ya haura miliyan biyu a 2012, sai ministan kuɗi George Osborne ya sake fasalin tsarin a Disambar 2014 ya kai matakin ƙoli kashi 12. A 2016 aka ƙara kashi 3 a kan mai sayen gida na biyu, aka mayar da shi kashi 5 a ƙarshen Oktobar 2024. A 2021 aka ƙara kashi 2 a kan wanda ba mazaunin Birtaniya ba. Ɓangare ɗaya yana ta hawa har yana iya kaiwa kashi 19, ɗayan yana zaune a kashi 5, ƙofar da ke tsakaninsu kuma an bar ta yadda take tun 2003. Duk shari'o'in da suka cika kotunan haraji daga 2019 zuwa yau daga wannan giɓi suka fito.

Ma'anar kadarar zama tana sashe na 116. Ta ƙunshi ginin da ake zaune a ciki ko ya dace a zauna a ciki, da filin da ya kasance lambun ginin ko harabarsa, har da duk wani gini da ke kan filin. Dokar ba ta fayyace mece ce haraba ba, ba ta kuma sa mata iyaka ba. Wannan ya bambanta da harajin ribar sayar da kadara, inda doka ta ware rabin hekta a matsayin filin da ake yafewa tare da gidan zama, sai in girman gidan da yanayinsa sun buƙaci fiye da haka. A harajin saye babu irin wannan ma'auni, sai aka bar wa alƙalai su yi ta aunawa gida-gida.

Kafin shari'ar makiyayar nan, masu gidaje sun sha kaye. Wasu ma'aurata sun sayi gida kusa da St Albans a 2015 a kan fam 1,515,000, da fili eka uku da rabi. Sun biya 95,550, daga baya suka nemi a maido musu da 34,950, suna cewa akwai tsohon sito, da filin ciyawa, da burtalin da jama'a ke bi da dawakai, kuma waɗannan ba na zama ba ne. Kotun haraji ta matakin farko ta ƙi a 2019. Bayanin da ta yi shi ne ya zama madogara har yau: haraba fili ce da ke manne da gida ko kewaye da shi, wadda mai gidan ke riƙe da ita tare da gidan kuma yana iya amfani da ita yadda ya so. Ba dole sai yana amfani da ita ba. Ko ya bar ta ta zama daji, ko shinge ya raba ta da lambu, ko jama'a na da haƙƙin ratsawa, tana nan a harabarta. Abin da zai fitar da ita shi ne a same ta tana wani aiki na daban mai zaman kansa, kamar kasuwanci. Wasu ma'auratan a Hampshire, masu gida da barga da makiyayu a fili eka huɗu da rabi, sun nemi 48,500 bisa hujjar cewa dawakin maƙwabci na kiwo a wurin a kan kuɗin haya na jeka-na-yi-ka, kuma akwai ofis a saman gareji. Su ma aka kore ƙararsu. An haɗa waɗannan ƙararraki da ta wani kamfani har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda lauyoyinsu suka ce fili ba ya zama haraba sai in ana buƙatarsa don jin daɗin zaman gidan. A 2022 kotun ta ce majalisa ba ta rubuta wannan sharaɗi a sashe na 116 ba, alƙali kuma ba zai ƙara mata shi ba.

Da wannan tarihi HMRC ta shiga shari'ar makiyayar, tana ganin ta riga ta ci. Hujjarta ita ce an sayar da gidan da makiyayar a ciniki ɗaya, makiyayar na manne da sauran filin, kuma a lokacin da mallaka ta koma hannun masu saye babu doki ko ɗaya da ke kiwo a ƙarƙashin wata yarjejeniyar haya. Ma'auratan suka ce a'a, a ranar cinikin akwai haya ta kasuwanci a kan filin, mai hayar ce ke da ikon amfani da shi, su ba su da shi, don haka ba za a kira shi harabar gidansu ba.

Kotun matakin farko ta ba ma'auratan gaskiya a 2023. Ta lissafa dalilai da dama. Makiyayar na da takardar mallakarta daban a ofishin rajistar filaye, ba a haɗe take da ta gidan da lambun ba. Ba ta kusa da ginin, ba a kuma hango ta daga gidan. 'Yar ƙofa guda ce ta haɗa ta da sauran filin. Ba ta yi wa gidan wata hidima, gidan zai zauna daram ko babu ita. Sannan ga takardar hayar, wadda kotun ta ɗauka a matsayin shaida cewa filin na aikin kasuwanci.

HMRC ta ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun haraji, kuma a kan batun hayar ta samu abin da take so. Kotun ta ce abin da ake dubawa shi ne yanayin kadarar a daidai lokacin da aka kammala ciniki, wato abin da mai sayarwa ya miƙa, mai saye ya karɓa. Ma'auratan ba za su iya ba da hayar filin da ba su mallaka ba tukuna. Dole sai da mallaka ta shigo hannunsu sannan hayar ta samu, ko da tazarar ta minti ɗaya ce. Ke nan abin da suka saya fili ne marar haya, hayar aikinsu ce ta bayan saye, kuma kotun farko ta yi kuskure da ta sa ta a ma'auni. Ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: hayar da aka ƙulla bayan ciniki tana iya zama shaida in tana nuna yadda filin yake tun da, misali in dama akwai wata fahimta ta baka tsakanin tsohon mai gida da maƙwabci mai dawaki, sabon mai gida ya zo ya sa ta a rubuce. A wannan gidan ba haka abin yake ba.

A ganina wannan ɓangare na hukuncin daidai ne, kuma shi ne mafi amfani a cikinsa. Da an bar maganar kotun farko ta tsaya, da duk mai sayen babban gida ya nemo maƙwabci mai doki ko mai tumaki, su sa hannu a takarda da la'asar ɗin ranar ciniki, ya karɓi fam dubu ɗaya, baitulmali ta yi asarar dubu ɗari da sittin. Haraji da mai biyansa zai iya sauya ajinsa da takarda shafi biyu bayan ya riga ya saya, ba haraji ba ne, zaɓi ne ga wanda ya san hanya kuma yake da lauya.

Amma tsugune ba ta ƙare wa HMRC ba, domin kotun ta ce ko an cire hayar, sauran dalilan sun isa su riƙe hukuncin. Ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun haraji ne a kan kuskuren doka kawai. Ba aikinta ba ne ta sake auna hujjoji don ta ga ko ita da ta yanke daban. In dai matsayar da kotun farko ta kai tana cikin abin da alƙali mai hankali zai iya kaiwa bisa shaidun da ke gabansa, to ta zauna. Haka ma'auratan suka tsira da 161,250 ɗinsu, bisa takardar mallaka daban, da nisa, da rashin hangowa, da 'yar ƙofa.

A nan ne nake da ja. Ba ina cewa alƙalan sun saɓa doka ba, sun bi ta yadda take. Amma a dubi abubuwan da suka raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Takardar mallaka daban sau da yawa tarihin ciniki ne kawai: wani tsohon mai gida ya sayi fegin maƙwabci shekara talatin da suka wuce, ofishin rajista ya ba shi lamba daban, shi ke nan. Manyan gidajen karkara da yawa suna zaune a kan takardu biyu ko uku, ba wanda ya taɓa cewa rabin lambunsu ba nasu ba ne. Rashin hangowa kuma aikin itatuwa da tudu ne. In aka sare shinge mai tsayi, filin da ba a gani jiya yau a gan shi daga tagar ɗakin girki. Mutanen Hampshire da suka faɗi, dawakai na kiwo a filinsu da gaske, sai dai gidansu na da barga, kuma dillalai sun tallata shi a matsayin gidan masu sha'awar dawaki, don haka makiyayun suka zama wani ɓangare na abin da ya sa gidan ya zama gidan. Waɗannan kuwa da suka ci, babu doki a filin lokacin da suka saya. Ana iya bayyana bambancin da harshen doka, amma da wuya a gamsar da mutumin da ke biyan harajinsa cif-cif a kan gida mai ɗaki uku cewa wannan ne adalci.

In ana son ganin filin da ya fita daga haraba ba tare da wata tantama ba, akwai wata shari'a ta 2022 a kan wani gida a Kent mai fili kusan eka 39. A can wani manomi ya daɗe yana kiwon tumakinsa a babban yanki na filin, shekaru masu yawa kafin a sa gidan a kasuwa, kuma ya ci gaba bayan an sayar. Kotun ta yarda cewa wannan yanki gona ce mai aikin kanta. Irin wannan ne aka yi wa ƙa'idar tun asali. Sauran dabarun da aka gwada, irin su turken wutar lantarki da wayoyinsa da suka ratsa fili, ko hanyar ƙafa ta jama'a, kotuna sun yi watsi da su.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar attajirai ce. Ta wani ɓangaren haka ne. Da farashin da ke aiki tun Afrilun 2025, in gida bai wuce fam 925,000 ba, bambancin jadawalan biyu ga mai sayen gidan zamansa guda ɗaya fam 500 ne kacal daga 250,000 zuwa sama. Mai sayen gidansa na farko ma asara zai yi in ya ce kadararsa gauraye ce, domin rangwamen da ake yi wa masu sayen farko, na rashin biyan komai a kan fam 300,000, na gidajen zama ne zalla. Sai dai lissafin na juyewa da zarar ƙarin kashi 5 na gida na biyu ya shigo. Gidan fam 400,000 harajinsa na yau da kullum 10,000 ne. In ƙarin ya hau, ya zama 30,000. A jadawalin da ba na zama ba kuwa 9,500 ne. Kuma wajen ƙirga gidajen da mutum ya mallaka, doka ba ta tsaya a Birtaniya ba, ko'ina a duniya take dubawa, muddin darajar kason mutum a gidan ta kai fam 40,000. Likita ko injiniyan da ke aiki a Manchester, yana da gida a Kano ko Abuja ko Yamai da ya kai wannan daraja, ya zo sayen gida a Ingila, ƙarin na iya hawa kansa, sai in sayen na maye gurbin gidan zamansa da ya sayar ne. Irin wannan mutum ne zai ji daɗin wasiƙar da ke ce masa ya biya fiye da kima.

Wasiƙun nan suna zuwa. Akwai kamfanonin da ke bin bayanan cinikin gidaje da hotunan dillalai, su rubuto wa sabon mai gida cewa fegin da ke bayan gidansa, ko hanyar da ta ratsa, ta sa ya cancanci a maido masa da dubban fam, su kuma ladansu wani kaso ne na abin da aka maido. Abin da ba sa nanatawa shi ne HMRC kan biya irin wannan buƙata tukuna sannan ta bincika. Shigowar kuɗi asusu ba ya nufin an amince da hujjar. In bincike ya nuna ba ta da tushe, mai gidan ne zai maido da kuɗin duka, har da kason da wakilin ya riga ya cire, da kuɗin ruwa a kai, da tara in an samu sakaci, wadda ke iya kaiwa kashi 30 na harajin, ta fi haka in da gangan ne. Hukumar ta sha gargaɗin jama'a a kan wannan. Hukuncin 2024 ya ba irin waɗannan kamfanoni abin nunawa, suna cewa ga wasu sun ci a kan makiyaya, alhali darasin da ya zama dole a kan ƙananan kotuna daga hukuncin shi ne wanda ya rushe dabarar hayar ranar ciniki.

Akwai kuma abin da ke biyo baya wanda ba a cika tunawa da shi ba a ranar saye. Wanda ya rubuta wa hukuma cewa filin nan ba harabar gidansa ba ne, ranar da ya tashi sayarwa zai so ya ce harabarsa ce don ya samu yafiyar harajin riba. Ma'aunan dokokin biyu ba ɗaya ba ne, amma takardar da ya sa wa hannu da farko tana nan a ajiye, kuma za a karanta masa ita. In da bashin banki ya sayi gidan, yawancin yarjejeniyoyin bashin gida ba sa barin a ba da hayar wani yanki na kadarar sai da izinin bankin.

Gwamnati ta san da matsalar. A ƙarshen Nuwambar 2021 ta buɗe neman ra'ayin jama'a, ta kawo shawarar a riƙa raba kuɗin ciniki, kason gida ya bi jadawalin gida, kason fili ko shago ya bi nasa, ko kuma a sa wani mizani da sai ɓangaren da ba na zama ba ya kai shi kafin a ce kadara gauraye ce. A kasafin Maris ɗin 2024 ministan kuɗi Jeremy Hunt ya soke wani rangwame na daban, na masu sayen gidaje da yawa a ciniki ɗaya, daga 1 ga Yuni na shekarar, amma ƙa'idar kadara gauraye aka bar ta yadda take. Hujjar masu adawa da rabawa ita ce za ta jawo kuɗin masu ƙiyasta daraja da sabuwar jayayya a kan kowane shago mai ɗaki a sama da kowace gona. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai jayayya a kan ko makiyaya ta kai fam dubu hamsin ko dubu tamanin, jayayya ce a kan harajin 'yan dubbai. Wadda ake yi yanzu a kan dubu ɗari da sittin ce, kuma tsayin shinge da lambar rajista ne ke yanke ta. Da ana rabawa, da ma'auratan nan sun biya kashi 12 a kan ƙolin kuɗin gidansu kamar kowa, sun samu sauƙi a kan makiyayar kaɗai, da kuma ba a shafe shekaru ana shari'a ba.

Tunda dokar na nan, wanda zai sayi gida mai fili a gefe aikinsa yana gaban ranar ciniki ne, ba bayanta ba. Ya tambayi mai sayarwa wa ke amfani da filin yanzu, tun yaushe, da wace yarjejeniya, nawa ake biya, kuma ko za ta ci gaba bayan an sayar. Ya karɓi kwafin takardar hayar da rasiɗan biya in akwai. Ya duba taswirar rajista ya ga takardun mallaka nawa ne, ya duba ko filin na da mashigarsa daga titi ko sai an ratsa lambu, ya ɗauki hotuna daga gidan da kuma daga filin a ranar da ya karɓa. Ya ajiye takardar tallan dillali, domin HMRC za ta nemo ta, kuma in an rubuta a ciki cewa gida ne mai shimfiɗaɗɗiyar haraba da makiyaya, da kalmomin za a fara yi masa tambaya. In lauyan cinikin ya ce shi ba masanin haraji ba ne, wanda da yawansu kan faɗa a takardar ɗaukar aiki, a nemi ra'ayin masani a rubuce kafin a miƙa takardar, ba bayan wasiƙar wakili ta iso ba.

Hukumar na da wata 9 daga ranar ƙarshe ta miƙa takarda ta buɗe bincike. In wannan wa'adi ya wuce, tana iya dawowa cikin shekara 4 idan ta gano an biya ƙasa da kima, shekara 6 in akwai sakaci, shekara 20 in da gangan aka yi. Doka ta wajabta wa mai saye ya adana takardun cinikin na aƙalla shekara 6.